Rishi Kapoor: Yaron da Aka Biya Bashi da Fuskarsa

A fim ɗin Shree 420 da ya fito a 1955, akwai wurin da Raj Kapoor da Nargis suke waƙa ƙarƙashin lema ɗaya, ruwa yana sauka kamar da bakin ƙwarya. Can sai ga yara uku sanye da rigar ruwa sun gifta ta gefen titi. Dukansu 'ya'yan Raj Kapoor ne, ƙaramin cikinsu kuwa ko shekara uku bai cika ba. Shi da bakinsa ya sha faɗa bayan ya girma cewa da zarar ruwan ya shiga idonsa sai ya ɓarke da kuka, aikin ya lalace, har sai da Nargis ta yi masa alkawarin cakulan idan ya daure. Ya daure, aka ɗauka. Wannan yaron shi ne Rishi Kapoor, wanda 'yan gidansu suke kira Chintu.

Ana ba da labarin nan ne don a yi dariya, amma akwai abin lura a cikinsa. Yaron bai ce a sa shi a fim ba. Manya ne suke da buƙata, shi kuma Allah ya ba shi fuskar da za ta biya musu ita. A haka aka tafi da shi har kusan shekara arba'in da biyar.

An haife shi a Bombay ranar 4 ga Satumban 1952, a gidan da fim ya zama musu kamar ƙira a gidan maƙera. Kakansa Prithviraj Kapoor, wanda ya baro Peshawar ya zo Bombay neman sa'a, yana cikin waɗanda suka fito a Alam Ara na 1931, fim na farko mai magana a Indiya. Mahaifinsa Raj Kapoor ya kafa kamfanin R.K. a 1948. Ƙannen mahaifinsa, Shammi da Shashi, duk manyan jarumai ne. Hausawa na cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya, kuma gaskiya ne. Sai dai ɗan na gada ba sana'ar kaɗai yake gada ba, har da ɗawainiyarta da asararta.

Asarar ta zo a 1970. Raj Kapoor ya shafe kusan shekara shida yana haɗa Mera Naam Joker, labarin wani mai ba mutane dariya, kamar ɗan kama a wajenmu, wanda shi kansa zuciyarsa cike take da baƙin ciki. Ya zuba dukiyarsa a ciki, ya ci bashi, ya kawo har 'yan wasa daga Tarayyar Sobiyet. Fim ɗin ya haura awa huɗu, sau biyu ana tsayawa hutu a tsakiya. A kashi na farko ana buƙatar wanda zai fito a matsayin jarumin yana ɗan makaranta, yaro mai jiki, mai kunya, wanda ya kamu da son malamarsa bai ma san sunan abin da yake damunsa ba. Raj Kapoor ya duba gida ya ɗauki ɗansa. Rishi ya ce a wurin cin abinci ya ji mahaifinsa yana neman izinin Krishna, mahaifiyar Rishi, ta amince bisa sharaɗin kada karatu ya taɓu. Shi kuwa tashi ya yi ya shige ɗaki, ya ɗauko takarda ya fara koyon yadda zai riƙa sa wa masoya hannu. Karatun dai bai yi nisa ba.

Wanda duk ya kalli wannan kashi zai shaida cewa yaron ya iya. Ba ya ƙoƙarin burge kowa. Yadda yake sunkuyar da kai, yadda yake satar kallo, yadda fuskarsa take canjawa sa'ad da ya gane malamar aure za ta yi, duk ba abin da ake koya wa mutum a rana ɗaya ba ne. Ya samu lambar yabo ta ƙasa ta gwarzon yaro ɗan wasa. Fim ɗin kuwa ya faɗi warwas a kasuwa, ya bar Raj Kapoor cikin bashi iya wuya.

Daga nan fim ɗin Bobby ya samo asali. Mutane da yawa sun ɗauka uba ne ya shirya wa ɗansa gagarumin fim don ya fito da shi duniya. Rishi ya musanta haka ba sau ɗaya ba. Ya ce an yi fim ɗin ne don a biya bashin Mera Naam Joker, kuma mahaifinsa ba shi da kuɗin ɗaukar Rajesh Khanna, wanda a lokacin babu kamarsa. Jarumin da ba sai an yi ciniki da shi ba yana kwana a cikin gida. Aka nemo sabuwar yarinya, Dimple Kapadia, aka sa wa fim ɗin sunan da take amsawa a ciki, ba nasa ba.

Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya taso yana karanta littattafan soyayya na Kano: ɗan attajiri ya ga 'yar talaka, uba ya ce sam. A nan an ƙara da bambancin addini, domin saurayin Hindu ne, budurwar kuma 'yar wani masunci ce Kirista ɗan asalin Goa, wanda kawun Rishi na jini, Prem Nath, ya fito a matsayinsa. Abin da ya zama sabo shi ne shekarun masoyan. Kafin lokacin, wanda yake fitowa a matsayin ɗalibin kwaleji yawanci magidanci ne da ya ba talatin baya, wani ma arba'in. Ranar da Bobby ya fito, a Satumban 1973, Rishi yana da shekara 21, Dimple 16. Samari da 'yan mata suka ga sa'anninsu a majigi, masu irin rawar kansu da irin wautarsu. Ya zama fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi a Indiya a shekarar. Ƙaramin babur ɗin Rajdoot da ya hau a ciki sai aka koma kiransa Bobby. Wani ɗaki da aka ɗauki waƙa a cikinsa a Gulmarg ta Kashmir har yau da sunan fim ɗin masu yawon buɗe ido suke nemansa. Da aka kai shi Tarayyar Sobiyet, an sayar da tikiti sama da miliyan 60. Bashi ya biyu, R.K. ta miƙe.

To amma shi yaron fa?

Dare ɗaya ya wayi gari 'yan mata suna ihu idan sun hango motarsa. Ga kuɗi, ga ƙuruciya, ga sunan gida. Shi kansa ya yarda cewa kansa ya kumbura. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2017 ya faɗi abin da 'yan fim ba su cika faɗa ba: wani ya zo masa da tayin cewa idan ya ba da rupi 30,000 za a ba shi wata lambar gwarzon jarumi ta shekarar, shi kuma ya ba da. Ya ce abin yana ba shi kunya. Ina ganin girman mutumin a wannan furuci, domin babu wanda ya tilasta shi tona kansa bayan shekara arba'in. Amma furucin yana nuna irin tarbiyyar da masana'antar take yi wa yaron da ta ɗaga: ta koya masa cewa komai da farashinsa tun kafin ya san darajar aikin hannunsa.

Sannan sai zamani ya juya masa baya tun bai gama zama ba. A wannan shekara ta 1973, 'yan watanni kafin Bobby, wani fim mai suna Zanjeer ya fito da Amitabh Bachchan a matsayin ɗan sanda mai fushi, wanda ba ya dariya, ba ya bin budurwa a lambu. Indiya a lokacin tana cikin matsi. Kaya sun yi tsada, aikin yi ya yi wuya, ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi babban yajin aiki a 1974, a 1975 kuma firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci. Talakan da ya biya kuɗin tikiti yana son ya ga wanda zai rama masa, ya naushi azzalumi a gabansa. Marubuta irin su Salim Khan da Javed Akhtar suka karkata alƙalaminsu can. Rishi ya shigo da fure a hannu a daidai lokacin da kasuwa ta koma neman mai dunƙule hannu. Fim ɗinsa na gaba bayan Bobby bai yi kasuwa ba.

A nan ya kamata a fahimci yadda kuɗi yake yawo a Bombay ta wancan zamani, don shi ne ya kulle shi. Furodusa ba da kuɗinsa yake fim ba. Rance yake karɓa da ruwa mai yawa, sannan tun kafin a gama aiki ya sayar wa dillalai haƙƙin nunawa yanki-yanki. Dillali kuwa ba labari yake saya ba, fuska yake saya. Idan ya ji sunan Rishi Kapoor, ya san abin da zai tallata: kyakkyawan saurayi, waƙoƙi biyar ko shida, rawa, dusar ƙanƙara, suwaita mai launi. Duk furodusan da ya ce zai sa shi a wani matsayi dabam, to da kuɗin bashi yake caca. Saboda haka babu mai gwadawa. Jarumi yakan yi aikin fina-finai da yawa a lokaci guda, safe a wannan sutudiyo, yamma a wancan, ba shi da sukunin zama ya tambayi kansa ina ya dosa. Rishi ya sha faɗa daga baya cewa ya yi shekara 25 yana sa suwaita yana waƙa a kan duwatsu, ba wanda ya ba shi aikin da zai nuna iyawarsa.

Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Abin da ya yi a waɗannan shekaru ba ƙaramin aiki ba ne, sai dai irin aikin da ba a cika yaba wa ba. A fina-finan Indiya ba jarumi ne yake rera waƙa ba, mawaƙi ne a sutudiyo, shi nasa bin baki. Rishi ya ce shi da ƙarfi yake rerawa a wurin ɗauka, don jijiyar wuyansa ta motsa yadda ta mai waƙar gaske take motsawa. Idan ya riƙe jita ko ganga sai ka rantse makaɗi ne, alhali bai iya ba. Kuma ya iya tsayawa kusa da Amitabh ba tare da ya ɓace ba, kamar yadda aka gani a Amar Akbar Anthony na 1977. Ya koka a littafinsa cewa marubuta Amitabh suke rubuta wa manyan wurare, sauran kuma sai sun ninka ƙoƙari kafin a gan su. Duk da haka an gan shi.

Nauyin ya taɓa kayar da shi. A 1980 ya ɗora buri a kan Karz, wanda ma'anar sunansa ma bashi ce. Fim ɗin ya ci karo da Qurbani na Feroz Khan a kasuwa, bai samu abin da aka zata ba. Rishi ya shiga ciwon damuwa, har ya kai ga yana jin tsoron tsayawa gaban kyamara, shi da aka haifa a gabanta. Yau ana lissafa Karz cikin fina-finansa da aka fi tunawa, amma wannan bai amfane shi ba a lokacin da yake kwance.

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi. Jera manyan fina-finansa ka ji sunayensu: Bobby, Nagina, Chandni, Henna, Damini. Kusan duk mace ce a gaba. Ita ce labarin yake kanta, shi kuwa masoyi ne ko miji da yake tsaye a gefenta. A Prem Rog na 1982 ma, wanda mahaifinsa ya shirya, maganar auren bazawara ce a al'ummar da take ɗaukar matar da mijinta ya mutu kamar ita ma ta mutu. Manyan jarumai maza na lokacin ba sa son irin wannan, gani suke an rage musu girma. Shi ya karɓa, kuma sababbin jarumai mata da yawa a gefensa suka fara. 'Yan kallonmu na Arewa, da suka cika gidajen silima irin su Plaza da Orion da Marhaba a Kano, sun ba jaruman Indiya sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Rishi kuwa Mace aka laƙaba masa, saboda ya taɓa yin shigar mata a fim, kamar yadda ya yi a Rafoo Chakkar na 1975. Sunan tsokana ne, amma ya nuna inda masu son faɗa suka ajiye shi. Waɗanda suka je don waƙa da soyayya kuwa, irin fina-finansa ne suka zauna musu a rai, kuma ba a rasa ɗanɗanonsu a rawa da waƙar da Kannywood ta zo da su daga baya.

Idan ana maganar abin da farin jinin ƙuruciya yake ci, bai kamata a tsaya kan Rishi kaɗai ba, domin shi namiji ne, ɗan gidan masu abin. Dubi 'yan matan da suka tsaya kusa da shi. Dimple Kapadia ta auri Rajesh Khanna a Maris ɗin 1973, tana da shekara 15, shi yana da 30, wata shida kafin Bobby ya fito. Ranar da duk Indiya take kiran sunanta, ita ta riga ta bar fim. Sai bayan fiye da shekara goma, aure ya lalace, ta dawo, har suka sake haɗuwa da Rishi a Saagar na 1985. Neetu Singh kuma, wadda ya aura a Janairun 1980, ita ma tun tana ƙarama take fim da sunan Baby Sonia. Bayan auren ta ajiye sana'ar tana tsakiyar tashe, ta ce ta gaji, tun yarinta take aiki. Na yarda da ita. Yarinyar da ta yi ƙuruciyarta a ƙarƙashin fitilun sutudiyo tana da haƙƙin ta gaji tana da shekara ashirin da 'yan kai. Tarihin fim ɗin Indiya cike yake da irinsu. Meena Kumari da Madhubala duk suna yara aka kai su aiki don su ciyar da gida. Sai a 2016 Indiya ta gyara dokar aikin yara ta ambaci yara 'yan wasa, ƙa'idojin 2017 kuma suka ce kada yaro ya wuce awa 5 yana aiki a rana, a kuma ajiye masa aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗinsa a banki har ya girma. Dokar ta zo a makare ga ƙarni guda na yara. Ko a makaren ma ta fi babu, kuma duk masana'antar da take sa yara a fim, har da tamu, tana da abin dubawa a ciki.

Shekaru suka ja, jiki ya buɗe, suwaitar da a da ado ce ta koma abin rufe tumbi. A 1992, yana dab da arba'in, aka haɗa shi da Divya Bharti mai shekara 18 a Deewana. A tsakiyar labarin aka ɗauka ya mutu, matarsa ta auri wani sabon saurayi da ya shigo a kan babur. Wannan saurayi shi ne Shah Rukh Khan, kuma fim ɗinsa na farko ke nan da ya fito. Aamir Khan, wanda shi ma yana yaro ya fara fitowa a 1973, ya riga ya kama zukatan matasa tun 1988, Salman Khan ya biyo baya a 1989. Hanyar da Bobby ya share, ta fito da sabon saurayi da sabuwar budurwa cikin labarin soyayyar da iyaye suka ƙi, ita ce ta kawo waɗanda suka gaje kujerarsa. Ya ci gaba da lallaɓawa har ƙarshen shekarun 1990, ya gwada ba da umarni sau ɗaya a 1999, bai sake ba.

Sai da kyan ya tafi sannan aka ga ɗan wasan. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a rayuwarsa. Da furfura ta fito, dillali ba shi da sauran abin da zai saya a fuskarsa, sai daraktoci matasa, waɗanda suka taso suna kallonsa, suka fara kawo masa aikin gaske. A Do Dooni Chaar na 2010 ya fito a matsayin malamin lissafi a Delhi mai tsohon babur, wanda burinsa bai wuce ya sayi ƙaramar mota ba, Neetu kuma ta dawo ta fito a matarsa. A 2016 ya zauna awanni kullum ana yi masa kwalliyar tsufa don ya zama kaka ɗan shekara 90 a Kapoor & Sons. A 2018 ya sake haɗuwa da Amitabh bayan shekara 27, wannan karon a matsayin ɗansa mai shekara 75. Ashe yaron nan na 1970 mai satar kallon malamarsa yana nan bai je ko'ina ba.

Matsayi uku da ya fito a matsayin Musulmi sun isa a tsaya a kansu, don suna ba da labarin Indiya kanta. A 1977, a Amar Akbar Anthony, shi ne Akbar, mawaƙin ƙawwali (waƙar begen Sufaye) mai fara'a, ɗan'uwan Hindu da Kirista na jini, a fim ɗin da yake cewa ƙasar uwa ɗaya ce mai 'ya'ya uku. A 2012, a Agneepath, ya zama Rauf Lala, da hula da kwalli a ido, mai fataucin ƙwaya da 'yan mata. Da farko ƙin karɓa ya yi, yana ganin ba wanda zai yarda da shi a matsayin mugu, sai da aka gwada masa shigar. Ya yi wasan da ya girgiza mutane, ba na musun haka. Amma ba zan ɓoye ba, irin wannan hoto na Musulmi mai hula da mugun nufi ya yi yawa a fina-finan Bombay na wannan zamani, kuma iyawar ɗan wasa tana ƙara masa kaifi ne. Sai a 2018 ya fito a Mulk a matsayin Murad Ali Mohammed, dattijon lauya a Varanasi, wanda ɗan ƙaninsa ya shiga ta'addanci, aka wayi gari maƙwabtan da suke shan shayi tare suna kallon gidansa gaba ɗaya a matsayin maƙiya. Ya tsaya a kotu yana tambayar yadda mutum zai tabbatar da ƙaunar ƙasar da aka haife shi a cikinta. Jikan mutumin Peshawar ne yake wannan tambaya da gemu da hula, kuma bai yi ta kamar mai haddar rubutu ba. A ganina wannan ne aikinsa mafi nauyi.

A gida bai kasance mai sauƙi ba, kuma bai yi da'awar haka ba. Ya yarda yana da zafin rai, ya yarda yana shan giya, a Twitter ma ya sha yin faɗa da mutane. Ya ce tsakaninsa da ɗansa Ranbir akwai tazara, irin wadda ta kasance tsakaninsa da nasa mahaifin, wanda ya kasance uba kuma maigida a wurin aiki. Ranbir ya shiga fim a 2007, amma sai da ya girma, ya yi karatu a Amurka, ya yi aikin mataimakin darakta tukuna.

A 2017 gobara ta cinye wani sashe na sutudiyon R.K. da ke Chembur, har da kayan sawa na tsofaffin fina-finai da aka adana. A 2019 iyalin suka sayar da filin ga kamfanin gine-gine na Godrej. Wurin da aka yi Bobby don a cece shi ya zama gidajen kwana. A tsakanin nan, a 2018, aka gano Rishi yana da sankarar jini. Ya yi kusan shekara guda yana jinya a New York, Neetu tana gefensa, ya dawo a Satumban 2019 ya koma bakin aiki. Ya rasu ranar 30 ga Afrilun 2020 a Mumbai, wato Bombay ta da, yana da shekara 67, kwana ɗaya bayan rasuwar jarumi Irrfan Khan. Ana cikin dokar kulle ta korona. Mutumin da a da sai an yi da gaske ake fitar da shi daga cikin taron masoya, 'yan tsirarun dangi ne suka raka shi. 'Yarsa Riddhima tana Delhi, babu jirgi, sai ta mota ta taho, ta iso an riga an gama.

Ya bar fim ɗaya bai ƙarasa ba, Sharmaji Namkeen, labarin wani dattijo da aka sallama daga aiki ya gano cewa girki ne abin da ransa yake so. Masu fim ɗin ba su goge abin da ya yi ba, ba su kuma nemi kwamfuta ta ƙirƙiro fuskarsa ba. Ɗan wasa Paresh Rawal ne ya karɓi sauran wuraren, aka fitar da shi a 2022 mutum biyu suna wasa a matsayi ɗaya. Rishi zai buɗe ƙofa ya shiga ɗaki, wanda zai fito kuma wani ne dabam, sanye da irin suwaitarsa.